Tofazzal Ba Ya Kama Suna

Shekara goma sha bakwai Tofazzal Hawladar ya yi yana kwana ɗaki ɗaya da wani mutum, yana dafa masa, yana wanke masa kaya, yana jiran dawowarsa daga kogi. Amma ranar da ma'aikaciyar ofishin ba da mafaka ta ce ya faɗa mata sunan mutumin, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Uni." Ta sake tambaya, ya sake cewa uni. A kan wannan 'yar kalma aka hana shi takardar zama a Ingila, aka ce ya fara shirin komawa Bangladesh. Ni na karanta masa wasiƙar, shafi goma sha ɗaya, don haka ba labari aka ba ni ba.

Uni ba suna ba ne. A harshenmu na Bangla, shi ne abin da mace ke cewa idan zancen mijinta ya taso, wato "shi", amma na girmamawa. Kakata har ta mutu ba ta taɓa kama sunan kakana ba. Uwata takan kama na ubana ne kawai idan suna faɗa. Ni kuwa da na tashi a Dhaka, na yi jami'a, na koyar da lissafi shekara tara, ina ganin wannan al'ada ta tafi tare da fitilar kananzir. Ban taɓa zaton zan tarar da ita a arewacin Ingila ba, a bakin namiji mai gashin baki, ɗan shekara hamsin da biyu.

Sunana Dilruba. Na riga shi zuwa ƙasar nan da shekara huɗu, kuma ni na samu takardata.

A taron Talata na fara ganinsa. Kowace Talata da rana irinmu kan taru a ɗakin ƙasa na wani coci, mazan da zuciyarsu ta faɗa kan maza da matan da tasu ta faɗa kan mata, waɗanda suka gudo daga Lahore da Silet da Kolombo da sauran wuraren da ake dukan mutum a kan haka. Wasu Turawa masu kirki ne suka shirya abin. Kirki kam suna da shi, har ya yi musu yawa. Su jera kujeru a zagaye, su ba kowa biskit biyu, su karkata kai gefe su ce, "Yaya kake ji a ranka yau?" Mutumin da za a iya cusa shi a jirgi mako mai zuwa ake tambaya yadda yake ji a ransa. Tofa ya zauna cikin wata rigar sanyi ta sadaka da ta kai masa gwiwa, haƙoransa sun rine da taunar ganyen pan, goron mutanenmu, yana jira har layi ya zo kansa. Ya riga ya ji ina Bangla a waya, sai ya juyo gare ni.

"Apa, gaya musu ruwan shayin nan bai tafasa ba."

Apa yake ce mini, wato yaya, duk da ya ba ni shekara goma, wai don ni mai karatu ce. Ni kuma ina ce masa Tofa-bhai, wato ɗan'uwa. Daga wannan Talatar ya ƙwace kicin ɗin cocin. An hana mai jiran takarda yin aiki, shi kuwa hannunsa bai iya zama ba. Da Talata ta yi masa kaɗan sai ya ƙara da kicin ɗina, ya riƙa zuwa ran Juma'a yana soya kifi yana zagin tukwanena.

A kan tukunya na ji labarinsa, guntu-guntu. Mai shayi ne a wata tashar jiragen ruwa kudu da Barishal, inda ruwa ya fi ƙasa yawa. Rumfa ce ta kwano, benci biyu, da ɗaki a baya. Uni kuwa makanikin injin jirgin fasinja ne, ya fita da asuba ya dawo baƙi ƙirin da hayaƙi. Ya fara da zuwa shan shayi, ya koma ajiye kayan aikinsa a ɗakin baya, daga nan ya ajiye kansa. Ba wanda ya ɗaura komai, ba wanda ya yi shela. Duk tashar ta sani, kuma duk tashar ta ƙware a nuna ba ta sani ba. Ana ce musu 'yan'uwa, a sha shayi a tashi. Limamin masallacin tashar ma a nan yake karyawa, kuma bai taɓa tambayar dalilin da ya sa ɗakin maza biyu yake da katifa ɗaya ba.

Shekara goma sha bakwai tsoron Allah bai motsa kowa ba, sai da aka ce za a shimfiɗa kwalta har bakin tashar. Filin rumfar na uni ne, gadon ubansa. Nan take 'ya'yan wansa biyu, waɗanda ba a ganin goshinsu a ƙasa sai ranar idi, suka gano ana saɓon Allah a bakin kogi. Aka tara dattawa. Aka aske wa Tofa rabin kai, aka rataya masa tsofaffin takalma a wuya, aka zagaya da shi kasuwa, mutanen da ya shekara yana zuba wa shayi suna biye suna tafi. Uni ba a taɓa shi ba, shi ɗan gari ne mai dangi, aka ce asiri aka yi masa. Bayan kwana uku rumfar ta kama da wuta. Uni ya sayar da abin da zai sayar ya sa Tofa a hanya. Shi ya tsaya, don ƙirjinsa ba zai ɗauki tafiya ba.

Dubai, Libiya, wata bakwai a kulle a wani gidan ajiye kaya, kwale-kwalen roba, Italiya, bayan babbar mota. Duk wannan a jimla biyu yake ba da shi, kamar wanda ya je kasuwa ya dawo. Abin da kawai ya tsaya masa a rai shi ne, cikin mutum tamanin da ke kwale-kwalen, ba wanda ya iya kwarfar ruwa.

"Mutanen tudu, Apa. Ruwa na shiga, suna ta salati. Na ce musu ku yi salatin da hannu mana."

Sunan kuwa ni na gano shi da kaina, kuma ba wuya. A Bangla ja shi ne lal. Shayin da ba madara lal cha muke ce masa, jan barkono lal ne, har akwai alayyafon da ake kira da lal. Ɗan Bangla ba ya awa ɗaya a kicin bai ce lal ba. Tofa ya yi wata shida a gabana bai faɗa ba ko sau ɗaya. Sai dai "shayin da ba madara", "barkonon da ya nuna", "alayyafon nan mai launi". Rannan za mu tsallaka titi ya riƙe mini hannun riga ya ce, "Tsaya, fitilar ta koma launin tsayawa."

A karkararmu kuwa mai suna Lal, Lal Miya ake ce masa. Na ce, "Tofa-bhai, Lal Miya ne sunansa ko?"

Ya ja wuyan rigar sanyin ya rufe baki kamar amaryar jiya, kunnuwansa suka koma launin da ba ya faɗa. Na yi dariya har masu wucewa suka waiwayo. A lokacin abin dariya ne.

Wasiƙar ƙin ta zo cikin ambulan mai ruwan ƙasa. Ya kawo mini ita kantin maganin da nake aiki, ya jira a waje har na tashi, muka zauna a bencin tashar bas. Masu rubuta irin wannan wasiƙa suna da ladabi sosai. Sun gode masa da ya zo, sun yi nazari da kyau, sun tausaya. Sannan suka ce an tambaye shi sunan mutumin sau huɗu ya kasa faɗa, saboda haka ba su yarda akwai mutumin ba. Sun ƙara da cewa bai san sunan ko gidan rawa ɗaya na irinsa a garin nan ba. Sun kuma tambaye shi yaushe ya gano kansa, ya ce shi bai taɓa ɓata ba, suka rubuta cewa ya kauce wa tambaya.

Sun haɗo da takardar hirar, kalma bayan kalma, a nan na ga aikin tafinta. Na san shi, wani ɗan Silet ne mai gemu da lalle, shi ya yi mini tawa. Uwar wannan mutumin uni take cewa, matarsa uni take cewa, ya san nauyin kalmar sarai. Amma da Tofa ya ce uni, sai ya juya ya ce wa Baturiya, "Ya ce shi." Da ta nemi dalili, Tofa ya ce ba a faɗa, tafinta ya ce, "Ya ce ba zai iya faɗa ba." Ƙarya bai yi ba. Irin waɗannan ba sa ƙarya, sukan dai tsaya a gefe da carbinsu su ga ka zurma rami.

Zan faɗi yadda ni na samu tawa, ba don alfahari ba. A hirata na kama sunan masoyiyata Shampa ya fi sau ɗari. Na kai wasiƙunta, na kai hotunanmu, na ba da ranar da ta fara riƙe mini hannu da abin da ya biyo baya, ga mai gemun yana juya shi Turanci yana kallon silin. Awa biyar aka yi. Na fito na yi amai a bayin ofishin, bayan wata biyu takarda ta zo. Shampa tana Dhaka da miji da 'ya'ya biyu, ba ta san an baje ta a kan tebur ba. Don haka da na ga mutum yana rowar kalma biyu, raina ya ɓaci, kuma ba zan ce babu hassada a ciki ba.

Muka ɗaukaka ƙara. Lauyan da muka samu sunansa Mukaddes, haifaffen nan ne, ofishinsa a saman wani shagon soya kaji, takardunsa ma ƙamshin mai suke yi. Banglarsa ta gidan kaka ce, ya san sunan abinci da zagi, sauran sai ya cike da hannu. Ya karanta wasiƙar ya kaɗa kai kamar likita, ya kira shi chacha, wato kawu.

"Chacha, matsalarka ɗaya ce. Ba ka yi kama ba."

"Kama da wa, ɗana?"

"Da abin da ka ce kai ne. Su mutanen nan hoto suke so. Hoto, tuta, launi. Ka taɓa zuwa gidan rawa?"

"Na taɓa zuwa bikin ƙanwata."

Lauya ya dube ni, na kalli taga. Na faɗa masa sunan, ya rubuta a takardar shaida, amma ya ce wannan ba zai wadatar ba. A kotu za a ce Tofa ya faɗa da bakinsa, in ya ƙi a ce mu muka ƙaga masa. Ya kuma nemo wani farfesa da ya taɓa yin wata shida a Dhaka, ya rubuto shafi ashirin yana tabbatar da cewa lallai akwai wannan al'ada a tsakanin matan aure na karkara. Ofishin ya amsa cikin layi uku: sun gode wa farfesa, amma mai ƙara ba mace ba ne, kuma ba shi da aure.

Da bazara ta zo aka yi gangamin irinmu a tsakiyar gari, da ganguna da tutoci masu launin bakan gizo. Lauya ya saya wa Tofa riga mai ruwan hoda, ya ce in ɗauko hoto ko talatin. Na ja shi muka je. Ya riƙe tutar a kan kansa kamar laima. Wani dogon Bature da ya shafe jikinsa da fenti mai ƙyalli, ba komai a jikinsa sai ɗan kamfai, ya rungumo shi don in ɗauka. Tofa ya sandare, ya ce da ni ta gefen baki, "Apa, gaya wa bawan Allahn nan ya sa riga, mura za ta kama shi." Hotunan suka fito, kowanne ɗauke da wani dattijo da ya yi kama da wanda jirgi ya tafi ya bari. Lauya ya jera su a tebur ya ce, "Chacha, ko murmushi? Ka yi kama da wanda aka kamo." Tofa ya ce ai kamo shi aka yi.

Duk Juma'a da hantsinmu, la'asar ɗin can, uni yakan je wurin wani tsoho mai sayar da tikiti a tashar, a kira Tofa. A kicin ɗina yake ɗauka, don gidan da aka ajiye shi mutum shida ne a ciki. Na sha jin hirar. Ba wata hira ba ce.

"Kun ci abinci? Me kuka ci? Wa ya dafa? A'a, wannan ba ta iya kifi ba. Kun sha maganin? Kada ku zauna kusa da injin."

Daga can sai tari, dogo, irin wanda ake jira ya ƙare. Tofa ya riƙe wayar da hannu biyu har ya lafa. Wannan ita ce soyayyar da ofishin ya ce babu ita, don ba ta zo da tuta ba.

Saura kwana goma a shiga kotu na tsare shi. Ya gama wayar ke nan, yana juya kifi a kasko.

"Kalma biyu ce, Tofa-bhai. Lal, Miya. Ga shi na faɗa, rufi bai faɗo ba."

"Ke ai ba kya ƙarƙashinsa."

"Kai wa ya sa ka ƙarƙashinsa? Wane limami ya ɗaura? Kai mace ne?"

"Ni ban san abin da nake ba, Apa. Shi dai na san abin da yake."

Na yi tsaki. Ya rage wuta, ya gaya mini abin da ya ji uwarsa tana gaya wa yayyensa mata tun yana ƙarami: duk ranar da mace ta kama sunan mijinta, kwana ɗaya ya faɗi daga kwanakinsa. Ya faɗe shi ne yadda ake faɗar cewa kogi yana cika da damina.

Na ce, "Kai da ka tsallaka teku, ka yarda da wannan?"

"Kin ji tarinsa. Hayaƙin inji ya gama da huhun. Mutumin da ke lallaɓa numfashi, in ɗebi kwana a cikin nasa in miƙa wa Baturiya don ta buga mini hatimi?"

"In suka mayar da kai, 'ya'yan wansa za su ƙarasa abin da suka fara. Ka san haka."

"To."

"To kawai?"

Nan bakina ya kufce mini. Na ce shi uni yana zaune a garinsu cikin danginsa, ba a taɓa ko gashin kansa ba. Na ce kai aka aske, kai aka rataya wa takalma, kai ka kwana wata bakwai a kan siminti a Libiya. Na ce ƙauyanci ne ba ladabi ba, kuma mata miliyan nawa suka mutu suna riƙe da wannan wauta, yanzu ga namiji ya zo ya ɗauka daga inda suka ajiye. Na ce kwana ɗayansa ya fi ranka gaba ɗaya?

Ya ɗaga kifin ya duba ƙasansa. Ya ce, "Man nan naki ba shi da kyau, ki daina sayen sa."

Bai zo Juma'ar da ta biyo baya ba. Na ce fushi yake yi, ya yi ta yi.

Kotun tana wani gari, tafiyar awa ɗaya a jirgin ƙasa, kuma ran Litinin aka sa mu. Na same shi a tasha ya riga ni. Ya yi aski, ya sa doguwar farar riga irin ta gida da farin wando, ba ko ɗigon launi a jikinsa, bakinsa ma fes ba pan. Raina ya sake ɓaci. Na ce ina rigar da lauya ya saya, ya ce tana gida. Na ce za ka shiga gaban alƙali kamar mai zuwa jana'iza, ya ce jirgi ya iso. Na ba shi burodi a hanya ya ce ya ƙoshi. Awa ɗaya ina masa bita, yana kallon gonaki ta taga.

Ɗakin shari'ar bai kai ajin da na koyar a Dhaka girma ba. Alƙaliyar dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci. Tafintar wannan karon mace ce, yarinya 'yar Kumilla. Lauyan gwamnati kuwa wani siririn saurayi ne mai kyakkyawar kwat, da ganinsa ka san ya yi wannan sau ɗari kuma ya ci abincin rana bayan kowanne. Ya fara da hotunan gangamin, ya ɗaga ɗaya ya tambayi Tofa ko ya ji daɗin ranar. Tofa ya ce ƙafarsa ta yi ciwo. Mukaddes ya rufe ido.

Sannan saurayin ya rufe fayil ɗinsa a hankali, yadda mahauci ke ajiye wuƙa ɗaya ya ɗauki wata.

"An tambaye ka sau huɗu a baya. Zan tambaye ka na biyar. Mene ne sunan mutumin da ka ce ka zauna da shi shekara goma sha bakwai?"

Yarinyar ta fassara. Na kafa ido a ƙasa, don ba na son ganin abin da na san zai faru.

"Lal Miya," in ji Tofa.

Na ɗago. Yana zaune a miƙe, hannuwansa a kan gwiwa, bai rufe baki ba.

"Lal Miya Sardar, ɗan marigayi Hashem Sardar. Makanikin inji. Yana da tabon ƙuna a hannun hagu daga nan zuwa nan. Ba ya cin kabewa. Ba ya iya barci in ba a danna masa ƙafa ba. Lal Miya ne sunansa."

Saurayin ya tambayi dalilin da ya hana shi faɗa a da. Tofa ya ce a da ba a faɗa. Yarinyar nan, Allah ya yi mata albarka, ta nemi izinin alƙaliya ta yi bayanin uni cikin jimla uku, abin da mai gemu ya kasa yi cikin awa huɗu. Alƙaliyar ta rubuta, ta daɗe tana rubutu. Aka ce za a aiko da hukunci ta wasiƙa.

A waje Mukaddes ya rungume shi ya ce, "Chacha, ka kashe su," ya ruga wata shari'ar. Ni kuwa baki har kunne. Ina ganin aikina ne, faɗan da na yi a kicin ne ya shiga. Har muka kai tashar jirgi ina zuba.

"Ka gani ko? Sau uku ka faɗa, na ƙirga. Ga sama a inda take. Kira tsohon tikitin nan yanzu ya nemo shi, ka gaya masa ka zama ɗan birni."

Ya zauna a benci, ya gyara bakin farar rigar a kan gwiwarsa.

"An binne shi ran Alhamis, Apa."

Ban gane ba da farko. Na tsaya da jakata a hannu.

"Tsohon ya kira ni a ranar da safe. Ya ce ran Laraba bayan azahar ne, a kan bencin tashar, yana zaune. 'Ya'yan wansa suka yi masa wanka." Ya ɗago ya dube ni. "Ba sauran kwanan da zan rage masa. Shi ya sa."

Na ce me ya sa bai gaya mini ba, bai gaya wa lauya ba, bai gaya wa alƙaliya ba. Ya ce ba su tambaya ba, suna suka tambaya.

Ni da na iya magana, ni da na koyar da aji mai yara sittin ba bulala, sai na zauna a gefensa a kan bencin. Na ji kunya irin wadda ban ji ba ko ranar da na baje Shampa a tebur. Na kira shi baƙauye, na yi masa ihu a kan kasko, na yi masa faɗan riga a ranar da yake cikin takaba, duk ya shanye. Jirgi ya zo muka shiga. Ya karɓi burodin da ya ƙi da safe, ya riƙe shi a cinya har muka sauka.

Bayan mako bakwai hukunci ya zo, an ba shi takardar zama. Alƙaliyar ta rubuta cewa abin da ya fi gamsar da ita shi ne yadda mai ƙara ya faɗi sunan abokin zamansa kai tsaye, ba tare da wata inda-inda ba. Na karanta wannan layin sau biyu, na ji kamar in yayyaga takardar. Ga ilimi, ga tabarau, ga farfesa, ga shafi kan shafi, kuma a cikinsu duka ba wanda ya san abin da ya gani a ɗakin nan.

Daga baya ofishin ya aiko da tasa wasiƙar, mai ladabi kamar ta farko. Tofa ya kawo ta kicin ɗina, ya tsaya a bakin tebur ina karanta masa. Suna taya shi murna. Ga shekarun da aka ba shi, ga inda zai karɓi kati, ga abin da zai yi in ya sauya gida. Na juya shafi na ƙarshe. A nan suka sanar da shi, cikin farin ciki, cewa tunda an tabbatar da zamansu, yanzu yana da damar neman a kawo masa Lal Miya Sardar su zauna tare, kuma ga takardar cikewa an haɗo.

Na tsaya da karatun, ya lura.

"Me kuma suka ce, Apa?"

"Ba komai. Adireshi ne da lambar waya."

Ya ce to. Ya karɓi takardun ya ninke su huɗu ya sa a aljihun gaba, sannan ya tambaye ni ko yanzu an yarda ya nemi aiki.